Gangar ƙanen abokin ɗakina

Ni ba mai yawo ba ne. Duk shekarun da na yi a Riyad, in ka cire sito da nake aiki a Birnin Masana'antu na Biyu da masallacin Juma'a, to sai ɗaki. In abokan aiki za su Aziziya sayen kayan miya, saƙo nake ba su, in zauna in jira da tukunya. A ɗakin nan na zauna da wani bawan Allah daga wajajen Jos, Kirista, direban babbar mota. Ina ce masa Fasto, yana ce mini Liman, alhali daga ni har shi babu wanda karatunsa ya je ko'ina.

Ƙanensa ne mai ganga a wata ƙungiyar samari da ke irin kiɗan nan da suke kira metal, amma na yabon Ubangiji a addininsu. A nan ba a sakin irin wannan a fili, sai Fasto ya ba ni kunne ɗaya na abin saurare, shi ya riƙe ɗaya. Ranar farko na ce masa wannan ai injin markaɗe ne ya haɗiye cokali. Ya ce, "Liman, kunnenka ne bai waye ba."

To ni a gidan makaɗan mahauta na tashi, kalangu ne ya yaye ni. Da na daina jin ihun mawaƙin, sai na fara jin yaron da ke bayansa. Yana da hannu. Kuma yana da gaggawa: duk sanda za a shiga amshi sai ya riga kowa da ɗan kaɗan, kamar yaron da aka ce wa ga tuwo.

Waƙoƙinsu na fari a bayan coci suka ɗauka, har ƙarar janareta ana ji. Fasto ya ce dattawan cocin sun sha korarsu. Daga baya suka samu wani ya kai su ɗakin ɗaukar sauti a birni, komai ya fito fes, aka ƙara fiyano, ihun ya ragu. Ni ban so wannan ba, na ce an yi musu wanka da sabulun da ba nasu ba. Sai aka shiga shekarun da ake ta kai hari ƙauyukansu. Abin da suka fitar a lokacin ya yi nauyi, ya yi sanyi, suka sa matan zumunta na coci suna amshi da tulunansu na kiɗa a ƙarƙashin jita. Fasto ba ya iya jin sa yana cin abinci. Ni ma da ba addinina ba ne, jikina yakan mutu.

Sannan iƙamar Fasto ta ƙare, wato takardar zama, kafilinsa, ubangidan da ya ɗauko shi aiki, ya yi ta yi masa gobe-gobe. Ba fita ƙasar, ba tuƙi, sai zaman ɗaki tare da ni. A tsakanin nan ƙanen ya daina kira. In Fasto ya tambayi mahaifiyarsu, ta ce wayarsa ce ta lalace, ko ta ce sun tafi wasa wani gari. Wata ya bi wata.

Wata Juma'a bayan mun ci abincin rana ya zo da murna, wai su ƙanensa sun saki sabuwar waƙa, ga shaida yaron yana nan lafiya, aiki ne ya riƙe shi. Ya miƙo mini kunne ɗaya. Mawaƙin ya bar ihu gaba ɗaya, kusan magana yake yi. Gangar kuwa tana tafiya daidai wa daida, kowane bugu kamar ɗan'uwansa, ba gumi a ciki. Aka zo amshi, babu wanda ya riga kowa. Na ce ya maimaita. Ya maimaita, yana kallon fuskata, ya tambaye ni yaya na ji.

Na so in ce ta yi daɗi. Amma mutumin da kuke cin kwano ɗaya ya san fuskarka. Na ce, "Fasto, wannan ba hannun ƙanenka ba ne. Na'ura ce."

Ya ce ƙarya nake, me na sani, ni da ko sunan kiɗan ban iya faɗa ba. Ya zauna a bakin katifa, can ya nemo lambar mawaƙin ya kira. Ina jin muryar daga inda nake. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, mawaƙin yana ta tambayar aiki da zafin gari. Fasto ya katse shi, ya ce a ba shi ƙanensa.

Sai mawaƙin ya ce, "Yaya, akwai wani babba kusa da kai? Ka ba shi wayar."

Duk wanda ya yi zaman ƙasar waje ya san ba a neman babba sai in rasuwa za a faɗa. Fasto ma ya sani. Ya miƙo mini wayar ba tare da ya dube ni ba. Mawaƙin ya gaya mini a hanyar dawowa daga wasa a wani ƙauye aka tare motarsu, a nan yaron ya rasu, tun kafin damina, kuma mahaifiyar ce ta hana a faɗa, tunda ɗanta ba shi da halin zuwa ko jana'iza.

Na ajiye wayar, na rufe ƙofa, na matsa kusa da shi. Ban san yadda suke ta'aziyya ba, sai na yi masa irin tamu.