Ranar da na kira sunan ɗiyata

Har yanzu idan aka buɗe famfo da ƙarfi sai gabana ya faɗi. Mun dawo Konni tun kafin damina, amma jikina bai gama dawowa ba.

Maigidana yana zuwa Dubai saro kayan salula. A wannan tafiyar ya ce zai kai mahaifiyarsa Hajiya a duba mata idanu, sai aka haɗa da ni, da ƙanwarsa, da ɗiyata 'yar shekara uku. Na ce ɗiyata ne don rubutu nake yi. A gida ba na faɗin haka. Ita ce ta fari, ta fari kuwa ba ta uwa ba ce. Tun da aka yaye ta a ɗakin Hajiya take kwana. Ba na ɗaukarta gaban surukai, ba na kiran sunanta, in ta kama dole sai in ce "ke". Haka uwata ta yi mini. Na yi kwaleji, na karanta abin da na karanta, amma a wannan ban taɓa yin gardama ba.

Da aka gama da likita, maigida ya kai mu wani wurin shaƙatawa a bakin teku inda ake ajiye halittun ruwa. Muka bi wani dogon lungu na gilashi, kifaye suna wucewa ta bisa kanmu. Hajiya ta nuna wani ƙato ta ce, "Wanga shi ɗaya ya ishi bikin suna, har a kai ma maƙwabta." Muka yi ta dariya. Ni ina baya da jakar abinci, kamar kullum.

Daga nan muka fita wani fili mai babban tafki, inda wasu manyan kifaye masu dogon baki da ake kira dolfin suke tsalle idan aka busa musu usur. Jama'a cike, kiɗa kamar zai fasa kunne. Hajiya ta saki hannun yarinyar don ta gyara tabaraunta. Na gani da idona. Na matsa kusa da ƙanwar maigida na ce a hankali, "Ga yarinyarku nan fa, a riƙe ta."

Wayarta tana sama tana ɗaukar bidiyo. "Bar ta, Anti, ina za ta tahi?"

A unguwarmu gaskiya ne, yaro ba ya ɓata. In ya fita, mai kabu-kabu ma ya san gidansu, zai sauke shi a ƙofa. Wannan hankalin muka ɗauka muka kai ƙasar da ba wanda ya san mu. Maigida yana zaton tana wurin Hajiya, Hajiya tana zaton tana wurin ƙanwar maigida. Ni kaɗai idona yake kanta, ni kuma aka ɗaure wa baki.

Wasu dogayen mutane suka gitta tsakaninmu. Da suka wuce, babu ita.

Na hango rigarta ruwan ɗorawa can ƙasa. Ta sauka matakala, ta kutsa ta ƙarƙashin ƙarfen da aka tare wurin da shi, tana tafiya a kan jiƙaƙƙen dakalin bakin ruwa da hannu a miƙe, tana son taɓa kifin. Ruwan nan ba a ganin ƙasansa.

Na yi ihu, "Ke! Ke!" Wace ce ke a cikin wannan taro? Ko waigowa ba ta yi ba. Sai na yar da jakar, na buɗe maƙogwarona na ƙwala mata sunanta, sunan da aka raɗa mata, wanda bai taɓa fita daga bakina ba. Ta tsaya cak. Ta juyo tana neman mai kiran. Wannan tsayawar ce ta ba ni lokaci. Ban san yadda na haye ƙarfen ba, na dai ji gwiwata ta daki siminti, na cafko rigarta, muka faɗi baya tare. Masu tsaron wurin suka iso a guje suna magana da yaren da ba na ji. Na ƙanƙame ta ina kuka, ina ta maimaita sunan.

A cikin taksi, gwiwata tana jini, ƙanwar maigida ta ƙyalƙyale da dariya. "Yau mun ga zamani! Anti ta kira sunan ɗiyar fari gaban Hajiya, har da runguma!"

Hajiya ta ce, "Allah ya tsare. Amma ke kau, ko mi ya faru, a riƙa tuna kunya."

Na dubi maigida. Ya ce in yi haƙuri, wasa suke yi.

Wasa. Da na tsaya tuna kunya, da a akwati za mu maido ta, a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, a ce kwana ne ya ƙare, a yabe ni don ban yi kuka da ƙarfi ba. Ba wanda ya ce, "Ni na saki hannunta." Ba wanda ya ce, "Da na sani da na ajiye wayar." Abin da ya tsaya musu a rai shi ne bakina.

Ranar da muka iso gida na shiga ɗakin Hajiya, na durƙusa na gaishe ta, na ɗauki 'yar katifar yarinyar da kwandon tufafinta. Ta ce, "Ina za ki da su?" Na ce, "Ɗakina, Hajiya." Na fita da su.

Har yau ana maganata a gidan. Jiya da rana ɗiyata ta nufi bakin randa, na kira sunanta daga tsakar gida, gaban kowa. Ta juyo da gudu.