Haɗin Bahago

Injin waldata ya girmi aurena. Na gaje shi daga maigidan da ya koya mini sana'a, kuma na san halinsa ciki da waje. Shi ya sa da ya fara ba ni wahala a wani gida a Nassarawa GRA, inda wata Hajiya ta ba ni aikin sabon get, ban zargi tsufansa ba. Mutum na zarga.

Da safe yakan kama lafiya lau. Da an yi rabin awa sai ya fara gurnani, sandar walda ta riƙa manne wa ƙarfe, warin ƙonanniyar roba ya tashi. Na canja fis, na kankare inda nake maƙala waya a jikin get, na auna wutar gidan, duk ƙalau.

A gidan nake barin injin in na tashi aiki, don ba abin ɗauka zuwa gidana a Kawaji kullum ba ne. A kwana na uku na ga sawun jan injin a ƙasa. Maigadin gidan wani dattijo ne daga Jigawa, marar yawan magana, ni kuwa tun asali ba na sakin jiki da mai shiru-shiru. Kowa ya san abin da ake nema a cikin tsohon inji, wayar jan ƙarfe ce. A warware kaɗan, a cike gurbin da alminiyam, a mayar da murfi. Kafin in tafi na zagaye ƙafafun injin da alli. Washegari na tarar ya goce daga zanen da kusan taki guda.

Ko tambayarsa ban yi ba, Hajiya na samu kai tsaye. Ta kira shi a gabana. Ya ce kullum da yamma yana jan injin zuwa rumfar mota saboda damina ce, da sassafe ya mayar da shi. A raina na ce, tsohon nan ya iya tsara zance. Hajiya ta ce a buɗe injin, in an ga an taɓa shi, a ranar zai haɗa kayansa. Mutumin da 'ya'yanta suka girma a gabansa.

Na ɗauko wani tsohon abokina mai gyaran wuta daga Tudun Wada, mutumin Zariya, don ya zama shaida. Muka kwance murfin, Hajiya da dattijon suna tsaye. Da na hango baƙin salatif ya narke a kan wata waya, har wani daɗi na ji, Allah Ya yafe mini. Ga jan ƙarfe an murɗe shi da alminiyam, mahaɗar ta ci ta saki, da ta ɗau zafi sai wuta ta ƙi wucewa.

Abokina ya daɗe yana jujjuya wayar. Ya ce wannan haɗin ya yi shekaru, a dubi yadda salatif ɗin ya bushe. Sannan ya rage murya.

"Kuma murɗin nan hagu ya yi. Bahago ne ya ɗaura shi."

Filaya tana hannuna na hagu a lokacin. Nan take na tuna wata rana a Dakata, aiki ya matse ni, waya ta ƙone, na haɗa da abin da na samu na ce gobe zan gyara.

Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Na faɗa da bakina cewa aikina ne, na ba dattijon haƙuri. Ya ce ba komai, Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Bai rasa aikinsa ba.

Da la'asar hadari ya haɗo daga gabas. Ina naɗe waya dattijon ya leƙo daga ɗakinsa na bakin get.

"Malam, ga ruwa nan tafe. Ka ja injinka, ni na daina taɓa kayan mutane."

Ni kaɗai na ja shi har rumfar, ina nishi, sau uku ina hutawa. Sai a ranar na san nauyin abin da tsohon nan yake ja mini safe da yamma.