Ɗakunan da Malam Ya Rabar da Baki

Yau shekara shida ke nan da rasuwar maigidana, Malam Idrisu, mai koyar da kwamfuta a nan Gadarif. Allah ya jiƙansa, amma bana da haushinsa nake tuna shi.

Gidanmu ɗaki huɗu ne da rumfa. Duk da haka babu ɗan'uwan da Malam bai ce wa "kana da ɗaki a gidana" ba, tun daga Mafaza har Khartum. In na yi ƙorafi, sai ya zaunar da ni kamar ɗaliba. Wai a cikin kwamfuta akwai uwar tsari da ake kira kenel. Kowace manhaja sai kenel ta ba ta adireshi masu yawa, manhajar ta ɗauka ƙwaƙwalwar kwamfutar duka tata ce. Alhali ƙwaƙwalwar gaskiya a yanke take shafi-shafi, kuma ba a haɗa adireshi da shafi sai ran da manhajar ta zo nema. Ran nan kenel ke samo shafin da ba kowa, ta rubuta a jadawalinta. Wai dabarar tana ci ne saboda manhajojin ba sa zuwa gaba ɗaya.

To Malam, 'yan'uwan naka sun zo gaba ɗaya. Tun da yaƙi ya sa zama ya gagara a Khartum, kowa ya iso da alkawarinka a bakinsa. Ni ce nake kwashe yara daga wannan ɗaki zuwa wancan, mu duka a kan tukunya ɗaya. Na gaji, kuma ban ɓoye wa kowa ba. Da kana nan, na san dariya za ka yi, ka ce lissafin daidai ne, lokacin ne ya saɓa.

Makon jiya ƙanwar Malam, Sakina, ta sauka da jariri, ko wurin shimfiɗa tabarma babu. Ta ce, "Yaya, ma'alesh, ki yi haƙuri, ko a rumfa ne." Ga damina ta kankama.

Na taɓa tambayarsa abin da kenel ke yi in shafuka sun ƙare. Ya ce takan duba wanda aka fi daɗewa ba a taɓa ba, ta kwashe kayansa zuwa ma'ajiya, ta ba mai buƙata wurin.

A gidan nan wuri ɗaya ne ba a taɓa ba shekara shida, ɗakin karatunsa, wanda na kulle tun ran addu'ar bakwai. Na buɗe, na kwashe littattafansa da rigunansa a buhun riɗi ina yi masa faɗa a fili. Sakina ce ke kwana a ciki yanzu.