Ranar da Na Ɗaure Gangunan Kawu a Fakku

Daga Tambuwal har Kebbe ba a haifi mai kunne irin nawa ba. Sauro ya gitta a Dogon Daji, ina daga ɗakina zan faɗa maka ko ya ƙoshi. Da wannan kunnen na bi kawuna, makaɗin noma, daminar shekarar da aka samu mulkin kai. Burina ɗaya: in sauke kayan dako daga kaina, in rataya babbar ganga a gaban manoma.

Kawu yana da ƙa'ida. Kafin kiɗa yakan rufe baki ya yi gunji ɗaya, a ɗaure babbar ganga a kan wannan muryar. Ta tsakiya ta faɗi abin da babbar ta faɗa, amma daga sama. Ƙaramar ta sake faɗinsa can ƙololuwa. Murya guda, uwa da ɗiya da jika.

Ranar gayya a Fakku ya tafi gaida mai gona, ya ce, "In ka ɗaure su daidai kafin in komo, yau kai ad da babbar."

Wayyo ni! An kwana ruwa, fatu sun saki kamar kumatun tsohuwa. Na hura wuta na gasa babbar, kafin in gama ta tsakiya, babbar ta huce. In ja tsirkiyar ƙaramar, ta haye sama ta bar uwarta, in shafa mata ruwa, ta faɗo ƙasa warwas. Hayaƙi ya cika min ido, tafin hannu ya yi kanta, gumin da na zubar ya isa shuka gero. Ga manoma sun jeru da garemani suna tsiya: "Makaɗi, kiɗi muka jira ko gashin nama?" Tunda babu kawu, ni na yi gunjin da makogwarona mai kaurin murya, na bi shi da gangunan har suka haɗe. Wallahi ka buga ukun, ka rantse ɗaya ce.

Kawu ya dawo, ya ƙwanƙwasa su, ya gyaɗa kai. Na rataya babbar, ƙirjina ya fi rumbu faɗi. Muka saki kiɗa, ya buɗe baki zai wasa sarkin noma, murya ta nutse masa a ciki. Ya tsallaka sama, sai tsuwa kamar ɗan tsako. Tsakani kuwa ganguna ba su ba shi wuri ba. Garemani suka tsaya cak, wani har da faɗuwa cikin kunyar gero don dariya.

Na ce, "Kawu, ai daidai suke!"

Ya zare gangar daga kafaɗata ya miƙa wa wani, ya ce, "Daidai suke, ɗan ƙanwata. Saura ka nemo bajimin san da za shi yi maka waƙar."