Munzali Matuƙi a Garejin Kudai

A garejin motocin alhazai da ke Kudai, a Makka, akwai wani mai wankin mota da ake kira Munzali, mai faɗin kafaɗa, gwiwarsa ta dama ta yi kanta kamar ta raƙumi. Abokan aikinsa sun ɗauka yawan sallah ne, shi kuma bai taɓa gyara musu ba.

Mutumin Yauri ne, ɗan Sarkawa masunta. A cikin kwale-kwalen mahaifinsa ya yi wayo, kuma tun yana saurayi babu mai shan gabansa a tseren ruwa na garinsu. A 2010 wani koci mai suna Awwalu ya gan shi, ya tafi da shi Legas, ya sa shi cikin jirgin tsere na Turawa, siriri kamar ɓawon gyaɗa, wanda ake tuƙawa a durƙushe kan gwiwa ɗaya. Sati biyu yana kifewa. A wata na shida ya wuce duk waɗanda ya tarar.

Shekara na zagayowa aka kai su gasar ƙasashe a kudancin Afirka. Awwalu bai samu kujera a jirgin sama ba, aka haɗa su da wani jami'i da bai taɓa riƙe filafilin tuƙa jirgi ba. An karanta dokoki da Turanci a wani zaure, jami'in kuwa yana kasuwa.

Ranar tseren mita dubu iska ta taso daga hagu. Munzali ya dubi fuskar ruwa, ya ga inda ya fi kwanciya, ya karkata can kamar yadda duk ɗan Sarkawa zai yi. A Legas babu ƙwallayen da ake jerawa a raba wa kowa layinsa, saboda haka bai san tsallake su laifi ba ne. Ya riga kowa isa da tsawon jirgi biyu. Yana haki yana dariya aka ɗaga masa jan kati.

"Mi ni yi?" ya tambayi jami'in.

Jami'in ya ce ya kunyata ƙasa, ya juya ya tafi. Da aka dawo gida aka rubuta cewa ba ya jin magana, ba a sake kiransa ba.

Ya koma sana'ar su a Yauri, amma kifi ya ja baya, ga matarsa Ramlatu da 'ya'ya biyu. A 2013 wani ɗan kwangila ya samo masa bizar aiki, ya zo Makka, garin da babu ko rafi. Kafilinsa, wato mai kamfanin da ya ɗauke shi, ya karɓe fasfo ya ba shi iƙama, katin izinin zama, da dogon buroshi. Bas arba'in yake wankewa a yini idan aikin Hajji ya kankama.

A 2015 Awwalu ya kira shi. Ya ce an canza shugabanni, an duba tsohon rahoton an ga ba laifinsa ba ne, kuma za a yi gwajin zaɓen waɗanda za su gasar duniya nan da sati biyar. Idan ya zo, wurinsa na nan.

Munzali ya sa wankakkiyar riga ya tafi ofishin kafili neman izinin fita. Ya yi bayani da guntun Larabcinsa, har ya durƙusa kan gwiwa ɗaya ya nuna yadda ake tuƙin. Kafilin ya yi dariya har da riƙe ciki, ya kira akawunsa ya zo ya gani, ya sa shi ya maimaita. Sannan ya ce saura wata guda a hau Arfa, ba mai motsawa.

"Ba'adal Hajj, insha Allah," in ji shi.

Bayan Hajji an riga an yi gwajin. Wani yaron Neja-Delta da Munzali ya koya wa riƙon filafili shi aka ɗauka. Labaran, wani Bakano da suke ɗaki ɗaya a unguwar Tandabawi, ya nuna masa tseren a waya lokacin hutun azahar. Munzali ya kalla har ƙarshe, ya ce yaron yana saurin ɗaga hannu, ya miƙa wayar ya koma bakin famfo.

Tun daga nan ya daina zancen. A 2018 kafaɗarsa ta dama ta fara ciwo, likita ya ce jijiya ce ta gaji, aka mayar da shi sharar cikin motoci, inda ba a ɗaga hannu sama. Ramlatu takan tambaye shi yaushe zai dawo, yakan ce sai yaran sun gama makaranta.

Wata Juma'a Labaran ya samu motar da za ta Jidda kyauta, ya ce ya zo su je su sha iskar teku, an ce har ƙananan jirage ake bayarwa haya. Munzali ya ce yana da wanki. Labaran ya tafi shi kaɗai, da ya dawo ya tarar da kayan a jiƙe cikin bokiti, Munzali kuma yana kwance ya juya wa ƙofa baya.