Ruwan Rijiyarmu Ya Je Agadez Ya Dawo

Tashi

Ana idar da sallar asuba na hau motar albasa daga garinmu da ke ƙasan Timia, da butali guda na ruwan rijiyar lambunmu a ƙarƙashin riga. Tun da wani kamfanin haƙar ma'adinai ya kafa sansani a saman ƙoramarmu ruwan ya fara ɗaci, jikata Hadiza kuma kullum ciwon ciki. Yanzu kamfanin ya kira taro a Agadez kan kula da muhalli, mutanen gari suka ce in je a auna mana ruwan.

Hanya duk duwatsu, ƙuguna ya faɗa mini shekaruna. A shingen jandarma wani ya shinshina butalin, ya yamutsa fuska, ya ce in wuce. Mun shiga Agadez bayan la'asar, na sauka gidan ƙanena Ila, maƙerin azurfa. Shinkafa da wake muka ci. Ya ce kada in sa rai, na ce bakinsa ya sari ɗanyen kashi.

Agadez

Da hantsi aka shigar da mu zauren wani otel mai sanyi, kowa da ruwan roba a gabansa. Wani matashi ɗaure da karabat a wuya ya haska mana hoton wata na'ura mai zubin fitilar zinariya. Ya ce ordinatar kuwantik ce, tana Turai, lissafin da zai ci wa sauran na'urori shekaru ita kafin a sha shayi ta gama. Da ita, in ji shi, kamfani zai san tafiyar kowane ɗigon ruwa a ƙarƙashin duwatsunmu na Ayar. Aka yi ta tafi.

Na miƙe na ɗaga butalina, na tambaya ko za ta duba wannan.

"Baba, ai ba a gama ƙera ta ba tukuna. Sai nan da wasu shekaru."

"To a nan garin babu mai auna ruwa?"

Ya ce akwai, amma wannan ba ya cikin tsarin taron yau. Raina ya ɓaci. Wani mai ɗaukar hoto kuwa ya ce in tsaya haka da butalin, in ɗan yi murmushi. Wato an kira mu ne a yi ado da rawunanmu. Da za mu fita aka ba kowa hula mai hoton na'urar. Na bar wa Ila tawa ya riƙa fifita wuta.

Komawa

Washegari na sami motar da ta sauke albasa, muka iso gida da almuru. Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Ila da direba, godiyata ta tsaya nan.

Matata ta kawo mini ruwan sannu da zuwa, na rijiyar nan. Hadiza ta rakuɓe a jikin ƙofa riƙe da ciki, ta ce, "Kaka, sun ce a sha?"

Na kafa kai na shanye, da ɗacinsa da komai.