Haƙoran Cak

Mahaifina shekara talatin da biyu ya yi yana duba sikeli. Zai shiga kasuwa da jakar duwatsun awo, ya ɗora su a sikelin mahauci ko na mai ƙusoshi, ya kanne ido ɗaya ya dubi allura, ya ce, "Wannan ba daidai ba ne." Daga nan aka laƙaba masa Malam Daidai. Mu ma a gida mun ɗanɗana kuɗarmu, don ko hoto ne ya ɗan karkace a bango sai an tsayar da hira an gyara shi. Ba abin da yake taƙama da shi kamar idonsa. Cewa yake ko silin gashi aka tsaga biyu zai faɗi wanda ya fi kauri.

Da ya yi ritaya, sa'o'insa suka sayi rediyo da kujerar kishingiɗa, shi kuwa ya kinkimo mana ɗan injin feƙe ƙarfe, irin wanda ake ɗaura masa sanda a baki tana juyawa ana sassaƙarta. Ya kwashe yadudduka daga ƙaramin ɗakin da Umma take ɗinki, ya ce aro ne na wata biyu. Umma ta koma baranda da kekenta, ta shekara uku a can.

A shekara ukun nan injin ya haifa mana murfin kwalba ɗaya da ba ya rufuwa, da ɓarɓashin ƙarfe mai shiga tafin ƙafa. Baba ya ce laifin cak ne. Cak shi ne dunƙulallen ƙarfen da ke bakin injin, mai haƙora uku da suke damƙe abin da za a feƙe. Wai tsohon ya saki, ba ya riƙo.

"Ai sunan ya dace," in ji Umma. "Tun da injin nan ya shigo gidan nan a tsaye yake cak."

Ana haka sai wani ɗan ƙarfe mai tsawon yatsa ya karye a fedar keken Umma. Keken ya girme ni, babu mai sayar da kayansa. Umma ta ajiye guntayen a gaban Baba muna karin kumallo.

"Malam, in injinka ya yi mini irin wannan nan da Asabar, ɗaki ya zama naka, na bar shi har abada. In bai yi ba, ka fitar da shi, in sa sabon keke a ɗakina."

Na zo hutu ne in huta, sai ga ni an naɗa ni shaida.

Ranar Laraba sabon cak ɗin da Baba ya aika a sayo ya iso, sharkaf da giris. Baba ya shimfiɗa jarida, ya zare haƙoran uku, ya wanke su da kananzir da tsohon burushin baki. Ya sa katako a ƙarƙashin tsohon cak don kada ya faɗo ya yi ɓarna, ya kwance ƙusoshinsa uku, ya goge farantin da yake zama a kai har sau huɗu. Ya ɗora sabon, yana ɗaure kowace ƙusa kaɗan-kaɗan yana zagayawa. Ya mayar da haƙora, ya sa sanda, ya kira mu mu ga ikon Allah, ya kunna.

Sanda ta kama rawa. Ba 'yar girgiza ba, rawa sosai, har teburin yana taya ta. Umma kuwa ta yi ta auna bangon ɗakin da ido, inda za ta kafa kantar yadudduka.

Alhamis Baba ya ɗora laifin a kan daɓen ɗaki, ya cusa kwali a ƙafar tebur. Bakaniken da ke maƙwabtaka da mu ya leƙo, ya dubi cak, ya ce, "Baba, a ba ni guduma mana. Bugu biyu ne ya miƙe." Baba ya raka shi har bakin titi, ya dawo ya sa sakata. Da safiyar Juma'a ya rubuta wa kamfanin da ya sayar masa da cak ɗin wasiƙa shafi huɗu, ya tuna musu cewa ya taɓa rufe shago a kan giram biyu.

Da la'asar na kai masa shayi. Na same shi a jikin taga da haƙori ɗaya a hannu, yana kawo shi kusa da hanci, yana miƙa shi nesa. Na ɗauki wani na juya shi, sai ga 'yar mitsitsiyar lamba a jikinsa.

"Baba, ai akwai lamba a nan."

"Na sani. Ɗaya ake fara sawa, sai biyu, sai uku. In aka saɓa ba sa haɗuwa a tsakiya."

"To kawo in karanto maka."

"Gobe fa? Ke za ki karanto mini ma'auni ina feƙewa?" Ya ajiye haƙorin. "Ki bari ta karɓi ɗakinta. Kada ki faɗa wa uwarki."

Ashe kwana uku yana yi wa lambobin nan canki-canka, kuma ya gwammace ya rasa ɗakin da a ce Malam Daidai ba ya gani.

"Kada a faɗa mini me?" Umma ce a bakin ƙofa. "Shekara guda kana karanta jarida a ƙarshen hannunka, ka ɗauka ni ma ba na gani ne?"

Ta cire tabaraunta, mai ruwan hoda da sarƙar duwatsu, ta maƙala masa a hanci kafin ya buɗe baki. Na juya na fuskanci bango don kada ya ga ina dariya. Shi kuwa ya duba ya ce, "Au, wannan ne uku!" kamar haƙorin ne ya yi masa ƙarya. Ya zare su, ya jera su bi da bi, suka haɗu a tsakiya. Da ya kunna, sai ka rantse sandar ba juyawa take ba.

Ya waiwayo zai yi mana cika baki, sai ya tsaya yana kallon Umma.

"Yaushe kika yi furfura haka?"

"Ta daɗe, Malam."

Asabar kafin azahar ya gama ƙarfen, da tabarau mai ruwan hoda a hanci, ƙarfen ya shiga fedar kamar da shi aka ƙera ta. A matsayina na shaida na bayyana cewa ɗaki ya zama nasa. Ya ɗauki tsintsiya ya share rabin ɗakin tas, ya fito baranda ya kama gefen keken Umma.

"Kama mini can," ya ce da ni. "Wajen taga za a sa shi, ya fi haske."